Ƙara RAM a tsohuwar kwamfutar tebur: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Yawancin kwamfutocin tebur da ke shagunan buga takardu, makarantu da ƙananan ofisoshi a Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Madina a Accra ba sababbi aka saye su ba. Na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, waɗanda 'yan kasuwa ke kira hom-yus: Dell OptiPlex, HP Compaq da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Injuna ne masu ƙwari, domin an ƙera su ne don aikin ofis na wuni guda, amma galibi RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke riƙe aikin da ake kan yi a ciki, 2GB ne ko 4GB, kuma wannan ba ya isar mai buɗe Chrome da Word da CorelDRAW a lokaci guda. Ƙara RAM shi ne gyara mafi arha da za a yi musu. Matsalar ita ce, sandar RAM tana iya shiga gurbinta daram, kunnuwan gurbin su kama ta, amma kwamfutar ta ƙi tashi. Girman GB kaɗai mutane suke tambaya a kasuwa, alhali akwai abubuwa huɗu ko biyar da suka fi shi muhimmanci, kuma dukansu a rubuce suke a jikin sandar ga wanda ya iya karantawa.

Fara tabbatar da cewa RAM ce matsalar

Buɗe duk shirye-shiryen da ka saba aiki da su, sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, domin Task Manager ya buɗe. A Windows 10, shiga Performance, ka zaɓi Memory. Idan abin da ake amfani da shi ya kusa cinye duka, to RAM ta yi kaɗan. Idan kuwa akwai sauran wuri sosai amma Disk ne ke tsaye a 100%, to tsohon faifai mai juyawa ne ke jan ƙafa, kuma SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri da ba ta juyawa, ya fi dacewa da kuɗinka.

Duba kuma irin Windows ɗin da ke kai. Danna dama a kan This PC, ka zaɓi Properties. Windows mai 32-bit ba ta iya amfani da fiye da kimanin 3.2GB zuwa 3.5GB, ko da ka zuba mata 16GB. Babu wani saiti da zai gyara wannan; sai an kwashe fayiloli an saka mai 64-bit daga farko. Masu Windows 7 su ma su lura: Home Basic mai 64-bit tana tsayawa a 8GB, Home Premium a 16GB.

San injinka da lambarsa

"Dell ce, Core 2 Duo" ba amsa ba ce da mai shago zai yi aiki da ita. OptiPlex 760 da OptiPlex 780 kamarsu ɗaya, suna iya ɗaukar furosesa (ƙwaƙwalwar lissafin injin) iri ɗaya, misali E8400, amma 760 DDR2 take ci, 780 kuma DDR3. Haka OptiPlex 3040 da 5040 suna amfani da DDR3L, yayin da 7040, wadda tsararsu ce, take amfani da DDR4. Don haka rubuta cikakkiyar lambar da ke gaban akwatin.

Daga nan sauke CPU-Z, ƙaramin shiri ne na kyauta. Shafin Mainboard zai nuna sunan madabod, wato babban allon da komai ke jone a kansa, da cifset ɗinta, mai haɗa sassan allon, kamar G41, Q45, H61 ko Q87. Shafin SPD zai nuna kowane gurbi da abin da ke cikinsa. A shafin Memory akwai abin da ke rikita mutane: zai rubuta kimanin 666 MHz ga RAM ɗin 1333, ko 800 MHz ga na 1600. Ba cuta aka yi maka ba. DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugu, sai ka ninka lambar da biyu.

Duk da haka, kada ka dogara da shiri kaɗai. Kashe injin, buɗe murfin, ƙirga guraben da idonka, cire sanda ɗaya ka ɗauki hoton takardar da ke manne a jikinta, gaba da baya. Injunan hom-yus sun bi ta hannuwa da yawa, wani lokaci ma madabod ɗin da ke ciki ba ta asali ba ce.

Zuriya: DDR2, DDR3, DDR4

Wannan ɓangaren ba shi da wuya, domin masu ƙerawa sun sa tsaga a gefen haƙoran sandar a wuri daban ga kowace zuriya. DDR2 tana da haƙora 240 kuma tana aiki da 1.8V. DDR3 ita ma 240 ne, shi ya sa ake rikita su, amma 1.5V take ci kuma tsagarta ta fi matsawa gefe. DDR4 tana da 288, 1.2V, kuma layin haƙoranta yana da ɗan tudu a tsakiya. Idan tsagar ba ta dace da ɗan tsinin da ke cikin gurbin ba, juya sandar. Idan har yanzu ba ta dace ba, ba zuriyarta ba ce. Kada ka danna da ƙarfi, haƙoran gurbin ne za su lanƙwashe. Akwai wasu madabod na G41 masu guraben DDR2 da na DDR3 a tare. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyun.

Ƙananan injuna irin su OptiPlex Micro, ThinkCentre Tiny da HP USDT na zamanin DDR3 gajeriyar sandar laftof suke ɗauka, wato SO-DIMM, mai haƙora 204 a DDR3 da 260 a DDR4.

Karanta takardar jikin sandar

A ce ka ga an rubuta: 4GB 2Rx8 PC3-10600U. Kowane yanki yana da ma'ana.

PC3 na nufin DDR3, kamar yadda PC2 ke nufin DDR2, PC4 kuma DDR4. Lambar da ke biye ita ce gudu: raba ta da takwas, za ka sami kusan gudun. PC2-5300 shi ne 667, PC2-6400 shi ne 800, PC3-8500 shi ne 1066, PC3-10600 shi ne 1333, PC3-12800 shi ne 1600. A DDR4 an sauƙaƙa, ana rubuta gudun kai tsaye, kamar PC4-2133P ko PC4-2400T.

Harafin da ke bayan lambar a DDR2 da DDR3 shi ne wanda ya fi jawo asara. U ita ce ta kwamfutar tebur ta yau da kullum. S ta laftof ce. R ta saba ce, wato manyan injunan kamfanoni, E kuma tana da tsarin gyaran kuskure da ake kira ECC. A DDR2 akwai F, mai rufin ƙarfe, ita ma ta saba. Sandunan R sun cika kasuwar kayan hannu, domin idan kamfanonin waje suka sauke tsoffin saba, kwali-kwali ake kwaso su, kuma sukan fi arha. Tsagarsu ɗaya da ta U, suna shiga gurbin lafiya lau, amma OptiPlex ko EliteDesk ba za ta taɓa tashi da PC3-10600R ba. Idan ka ga 8GB ko 16GB da farashin da ya yi ƙasa fiye da kima, harafin nan za ka fara nema. Ko takardar ta goge akwai alama: ban da baƙaƙen cif ɗin da ke jere a jikin kowace sanda, sandar R tana da wani ƙarin cif a tsakiya, sama da tsagar. Ƙirga baƙaƙen cif ɗin kuma yana taimakawa. Takwas ko goma sha shida na tebur ne; tara ko goma sha takwas ECC ne. Sandar E wani lokaci tana tashi a injin tebur ba tare da ECC ɗin ya yi aiki ba, wani lokaci ta ƙi, don haka mu ba ma ba da shawarar sayenta sai ga injin da littafinsa ya ambace ta, kamar wasu HP Z masu furosesar Xeon.

Sai harafin L. PC3L shi ne DDR3L, mai 1.35V. Tana aiki da 1.5V ma, don haka ana iya sa ta a injin DDR3 na da. Akasin haka ne ba ya yiwuwa cikin aminci: injin da ke da furosesar Intel ta zuriya ta shida a kan guraben DDR3, kamar 3040 da 5040 da muka ambata, PC3L yake buƙata. Kada ka sa masa PC3 zalla.

Inda aka fi faɗuwa: 1Rx8 da 2Rx8

Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai sayi DDR3 ta gaske, mai U, mai lafiya, wadda ta yi aiki a injin gwajin mai shago, ya kai gida ta ƙi tashi.

Sandar 4GB ana iya gina ta ta hanyoyi biyu. Ko da cif goma sha shida, takwas a kowace fuska, ko da cif takwas a fuska ɗaya. Lissafin: 4GB daidai yake da gigabit 32. Idan aka raba wa cif goma sha shida, kowane yana ɗauke da gigabit 2, kuma wannan ita ce 2Rx8. Idan aka raba wa takwas, kowane yana da gigabit 4, ita ce 1Rx8. A injunan Core 2, mai kula da RAM yana cikin cifset ɗin madabod ne, kuma cifset irin su G41 da Q45, da suka fito a 2008, ba su san cif ɗin da ya wuce gigabit 2 ba. Ba su da hanyar kiran adireshin da ke cikin babban cif. Sakamakon shi ne baƙin allo, ko ƙarar gargaɗi, ko injin ya yi ta kunnuwa yana mutuwa. Sabunta BIOS, wato shirin da ke cikin madabod mai tayar da injin, ba ya magance wannan, domin iyakar a jikin ƙarfen take.

Don haka ga OptiPlex 380 da 780, HP Compaq 8000 Elite, da duk madabod na G41 mai DDR3, sandar 4GB dole ta zama 2Rx8 mai cif goma sha shida, kuma sandar 8GB ba ta aiki sam. Ga zuriyar farko ta Core i3 da i5, irin su i3-530 da i5-650 da ke cikin OptiPlex 980 ko HP 8100 Elite, bi wannan ƙa'idar ita ma, ita ce mafi aminci. Daga zuriya ta biyu, wato i3-2100, i5-2400 zuwa sama, 1Rx8 ta 4GB tana aiki ba gardama.

Abin takaicin shi ne, sandunan 4GB na shekarun baya-bayan DDR3 galibi 1Rx8 ne, su ne kuma suka fi yawa a cikin gilashin masu shago. Mai tsohon inji sai ya juya sandar ya ga cif a fuska biyu kafin ya yarda.

Akwai kuma masu arha da ake rubuta wa "AMD only". An gina su da cif irin na x4, wanda injunan tebur na Intel ba sa karɓa. Idan furosesarka Intel ce, ka bar su inda ka gan su.

Iyakar da injin zai ɗauka

Iyakar tana fitowa daga wurare uku: mai kula da RAM, yawan gurabe, da BIOS. Cifset ɗin G31 yana tsayawa a 4GB. OptiPlex 755 da 760 suna kai 8GB, wato 2GB sau huɗu. OptiPlex 780 mai gurabe huɗu tana kai 16GB. OptiPlex 3020 gurabe biyu gare ta, 16GB. OptiPlex 9020 da EliteDesk 800 G1 masu gurabe huɗu suna kai 32GB. Nemi littafin injinka a shafin kamfanin da lambarsa. Gaskiya ne wasu injunan suna ɗaukar fiye da abin da littafin ya rubuta, domin an rubuta shi kafin manyan sanduna su wadatu, amma wannan gwaji ne da ake yi a gaban mai shago, ba da kuɗin da ba za a dawo da su ba. Sandar DDR3 ta tebur mai 16GB guda ɗaya kuwa, injunan Intel na zuriya ta biyu zuwa ta huɗu ba sa karɓarta. 8GB ce iyakar kowane gurbi.

A ganinmu, injin DDR2 bai cancanci a kashe masa kuɗi fiye da na kai shi 4GB ba. Injin zuriya ta biyu zuwa ta huɗu kuwa, 8GB na wadatar da aikin ofis da na makaranta, 16GB ga mai zane da gyaran hotuna.

Gudu da haɗa sanduna daban-daban

Gudu bai kai sauran tayar da hankali ba. Sandar 1600 a injin i5-2400 za ta sauko ta yi aiki a 1333, domin nan ne iyakar furosesar. Idan aka haɗa mai sauri da mai jinkiri, duka suna bin mai jinkirin. Ga G41 da Q45 dai mun fi son PC3-8500 ko PC3-10600. Sandunan 'yan wasan gem masu dogon rufin ƙarfe ba su da amfani a nan: BIOS ɗin injunan ofis ba ya buɗe saitin XMP da ke ba su gudun da aka rubuta a kwali, kuma tsayinsu kan tokare kejin faifai a siraran akwatuna.

Haɗa kamfanoni daban, Samsung da Hynix ko Kingston da Micron, yawanci yana aiki muddin zuriya, wuta da harafin U sun zo ɗaya. Abin da ya fi shi ne biyu masu girma ɗaya, domin injin ya yi aiki da layi biyu a lokaci guda. Wannan yana da tasiri sosai ga injin da ba shi da katin hoto na daban, tunda daga RAM ɗin yake ɗiban wurin aikin hoto. 4GB biyu sun fi 8GB ɗaya. A madabod mai gurabe huɗu, sa biyun a gurabe masu launi ɗaya. A OptiPlex, masu fararen kunnuwa ake fara cikawa. 4GB da 8GB tare ma suna aiki a injunan Intel, su ba da 12GB.

A kasuwa

Ko Tip Toe Lane da ke Kwame Nkrumah Circle za ka je ko shagon unguwa, mafi kyau shi ne ka ɗauki akwatin kwamfutar ka tafi da shi. Ɗawainiyar ɗaukarsa a mota ta fi sauƙi a kan zirga-zirga sau uku. Idan ba zai yiwu ba, tafi da tsohuwar sandar a naɗe cikin takarda, ba a leda ko aljihu tare da makullai ba. Faɗi abin da kake so dalla-dalla: "Alhaji, DDR3 nake nema ta tebur, 4GB, mai U, mai cif a fuska biyu." Dubi haƙoran zinaren: kada a sami ƙuna, kore ko wanda ya ɓare. Dubi ƙananan ƙwayoyin da ke jere sama da haƙoran, domin sukan ɓalle idan an zuba sanduna a kwali ɗaya suna gogar juna. Takarda ana iya liƙa ta ƙarya, shi ya sa CPU-Z a injin gwaji ya fi ta gaskiya. Kuma ku yi magana a kan canji kafin ka tura kuɗi: kwana nawa, kuma a rubuta a rasit.

Sakawa

Kashe Windows, zare wayar wuta daga bango, sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma domin sauran wutar da ke ciki ta fita. Kashewa kaɗai bai isa ba, madabod na riƙe da 'yar wuta muddin wayar na jone. Tunda kana bayan injin, dubi akwatin wutarsa: wasu da suka zo daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutar Ghana 230V ce, kuma idan yana kan 115 aka jona, akwatin wutar zai ƙone nan take.

Taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa sandar, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa, jiki na tara wutar da ke kashe cif ba tare da ka ji komai ba. Riƙe sandar ta gefuna. Hure gurbin da abin hura iska, ba da baki ba; gurbin da ya shekara goma a buɗe ya tara ƙura, ga kuma danshin iskar teku na Accra da ke dusashe ƙarfe. Buɗe kunnuwan gurbin, daidaita tsagar, danna ƙarshen biyu da manyan yatsu har kunnuwan su rufe da kansu ka ji ƙas. Idan sai da ka tura kunnen da hannu, sandar ba ta zauna ba. A siraran akwatuna sai an ɗaga kejin faifai kafin a kai ga guraben, kuma a kula da wayoyin SATA wajen mayar da shi.

Sa sabuwar sandar ita kaɗai tukuna, ka kunna. Idan ta tashi, kashe, zare wuta, ƙara ta gaba. Haka za ka san wadda ta kawo matsala. Tashin farko na iya ɗaukar lokaci fiye da yadda aka saba, kuma Dell kan nuna saƙon cewa adadin RAM ya canza, ta nemi a danna F1. Shiga BIOS ka ga jimillar, da F2 a Dell, F10 a HP.

Idan ta ƙi

A HP Compaq na ofis, ƙara biyar tare da jar fitila mai ƙiftawa sau biyar na nufin matsalar RAM. A OptiPlex masu fitilu huɗu masu lamba, 3 da 4 a kunne na nufin an ga RAM amma ta gaza. Fara da sake zaunar da sandar, domin shi ne ya fi yawa. Sai goge haƙoran a hankali da farin abin goge fensir, ka share ɓurɓushin, ko da ɗan ƙyalle mai sinadarin isopropyl. Gwada wani gurbin. Idan har yanzu shiru, cire batirin madabod, CR2032, na minti ɗaya sannan ka mayar, domin BIOS ya manta tsohon saiti. Batirin da ya yi ƙasa da 3V sosai a canza shi. Mayar da tsohuwar sandar: idan ta tashi, sabuwar ce ba ta dace ba, koma ka ƙirga cif ka duba harafi.

Idan BIOS ya ga 8GB amma Windows ta ce 4GB ne ake iya amfani da shi, duba 32-bit tukuna. Sai ka buɗe msconfig, shafin Boot, Advanced options, ka cire alamar da ke kan Maximum memory idan akwai. Ɗan abin da bai kai 1GB ba da aka ware wa hoto ba laifi ba ne. Idan kuwa gurbi ɗaya ko biyu ba sa ganin kowace sanda, kuma an taɓa cire furosesar, ana zargin lanƙwasasshen fil a mazauninta, tunda a injunan Core i layukan RAM ta nan suke bi. Sabunta BIOS yana taimaka wa wasu injunan su karɓi sanduna masu girma, amma kada a yi shi sai da UPS. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe madabod gaba ɗaya.

Tashin Windows ba shaida ba ce cewa RAM ɗin lafiya take. Sanda mai rauni tana iya yin aiki na awa biyu, sannan ta kawo shuɗin allo ko ta lalata fayil ɗin da kake adanawa ba ka sani ba. Gwaji mai sauri shi ne ka rubuta mdsched a wurin bincike na Windows ka bar injin ya sake tashi. Wanda ya fi shi shi ne MemTest86 ko Memtest86+ a kan filasha: tayar da injin daga filashar, da F12 a Dell ko F9 a HP, ka bar shi ya zagaya sau huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ɗaya tak ya isa. Idan ya fito, gwada kowace sanda ita kaɗai a gurbi ɗaya, ka ware mai laifin, ka mayar wa mai shago tare da hoton allon gwajin kafin kwanakin da kuka yi alkawari su cika.